Tukunyar gas a bayan mota: Lissafin da ke gaban ma'aikacin Sheda

Sheda, a Ƙaramar Hukumar Kwali, gari ne da gwamnatin tarayya ta zaɓa ta ajiye wasu daga cikin hukumominta na ilimi da bincike. Nan cibiyar kimiyya da fasaha ta SHESTCO take, nan Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, nan kuma hedikwatar NERDC mai tsara manhajar makarantu. Tsakanin garin da Sakatariyar Tarayya akwai tafiyar kimanin kilomita 70 a kan hanyar Lokoja, ta Gwagwalada da Giri. Wani ma'aikacin yana kwana a Lugbe ko Kubwa ya zo aiki Sheda, wani kuma tsadar haya ce ta koro shi Sheda da Kwali, kullum sai ya yi sammako zuwa cikin birni. Dukkansu hanya ɗaya suke bi, kuma tun da aka mayar da alawus na gida da na mota kuɗi a hannu a shekarar 2003, yawancinsu da motar kansu da man aljihunsu suke yi wa gwamnati aiki.

Ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, ana sayar da litar fetur a Abuja ƙasa da naira 200. Kwana biyu bayan haka ta koma 537 a gidajen man NNPC, a Oktoban 2024 kuma ta kai 1,030. Mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000. Daga nan ne maganar yi wa inji gyare-gyare, wadda a da sha'anin samari masu tseren mota ce, ta shigo hirar dattawan ofis. Matashi a Jamus ko Dubai yana ƙara wa injinsa kaya don ya ƙara gudu. Ma'aikacin Sheda yana neman abin da zai ƙara wa nasa don albashi ya kai ƙarshen wata. Kasuwa ta ji ƙamshin wannan buƙata, ta kuma shimfiɗa hajarta daga Apo har Zuba.

Mafi araha a cikin hajar su ne ƙananan na'urori da ake tallatawa a Facebook da WhatsApp: wani ɗan akwati da ake sokawa a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, maganaɗisun da ake ɗaurawa a tiyon mai, ƙwayar da ake jefawa a tanki. Ba su cancanci dogon bayani ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan kayayyaki fiye da ɗari, ba ta samu wanda ya rage shan mai yadda za a ce a zo a gani ba. A shekarar 2017 wani kamfanin binciken kwamfuta na Faransa mai suna Quarkslab ya farke ɗaya daga cikin akwatunan, wanda ake kira Nitro OBD2, ya tarar ba ya aika wa ƙwaƙwalwar mota saƙon komai. Fitilu kawai yake ƙyaftawa. Wanda ya saya yakan rantse ya ga canji, kuma mai yiwuwa ya gani, domin mutumin da ya kashe kuɗi a kan rage mai yakan sassauta ƙafarsa a kan totur na 'yan makonni.

Sai kuma gyaran da ake yi ta hanyar cirewa. Akwai makanikan da duk motar da ta shigo hannunsu daga Kwatano, abu na farko shi ne su zare tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har inji ya ɗauki zafi, da hujjar cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi shi. Injin zamani an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. In bai kai ba, ƙwaƙwalwar motar takan ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara masa mai. Haka abin yake ga indomi, sunan da kanikawa suka laƙaba wa matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Ana cire ta da sunan buɗe wa inji numfashi, alhali a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su falatinam, kuma tana da masu saye. Mai mota ya tafi da fitilar gargaɗi a kunne da hayaƙi mai guba, indomin kuma ta kwana a kasuwa. An je neman ƙiba an samo rama.

Abu ɗaya ne a cikin hajar nan yake da lissafin da za a iya karewa, shi ne juya mota ta riƙa amfani da gas na CNG tare da fetur. A ɗauka mota ƙirar Corolla tana cin kilomita 12 da lita ɗaya. Zuwa da dawowa tsakanin Sheda da cikin birni zai ci mata kusan lita 12, a ranakun aiki 22 kuma kimanin lita 260. Ma'aunin gas ɗaya yana kai mota kusan inda litar fetur ɗaya za ta kai ta. In aka ƙaddara fetur naira 900, gas kuma 400, rarar wata ta kai naira 130,000, aikin da ya ci miliyan ɗaya zai biya kansa cikin wata takwas. Amma abokin aikinsa da ke zaune a Gwagwalada, wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 30 a yini ba, sai ya shekara uku kafin ya mayar da kuɗinsa. Wannan lissafin ya kamata kowa ya yi da nasa nisan da farashin ranar, domin farashin gas ɗin ma ba a daskare yake ba. A naira 230 aka san shi a 2024, daga baya ya motsa.

Ga wanda lissafi ya ba shi gaskiya, tambayar da ya saba fara yi ita ce nawa ne. Da tukunya ya kamata ya fara.

Tayar mota tana ɗauke da matsin iska da bai wuce bar biyu da ɗan kai ba. Tukunyar gas ta girki tana aiki da abin da bai cika wuce bar goma ba. Tukunyar CNG kuwa ana cika ta ne zuwa bar 200, kusan ninki ɗari na taya, kuma a but take kwance, taki ɗaya daga kujerar da yara ke zama. Shi ya sa ƙirarta ta bambanta. Ta ƙarfe zalla, wadda aka fi samu a Najeriya, daga dunƙulen ƙarfe ɗaya ake fitar da ita, babu walda ko ɗinki a jikinta ko kaɗan. Akwai masu sauƙin nauyi da ake naɗe su da zaren kabon, sun fi tsada nesa ba kusa ba. Kowacce daga cikinsu ana gwada ta a masana'anta da matsin bar 300 kafin ta fito, sannan a buga mata shaida a wuya ko a jiki: sunan maƙera, lambarta, watan da shekarar da aka yi ta, yawan litarta, matsin aikinta, ƙa'idar da aka bi, wadda galibi ISO 11439 ce ko R110, da ranar da wa'adinta zai ƙare. Kowace tukunya tana da wa'adin aiki da ba a yarda ta wuce ba, galibi shekara 20, wasu ma 15 aka yanka musu. Bawul ɗin da ke bakinta yana da wata 'yar kafa da ke narkewa in wuta ta kama, ta saki gas ɗin a hankali kafin tukunyar ta tsage.

Ƙasar Kwali ta san tukunya. Ita ta haifi Ladi Kwali, gwanar ginin tukwane da hotonta ke bayan takardar naira 20, kuma har yau mace ba ta biyan kuɗin tukunyar ƙasa sai ta ƙwanƙwasa ta ji amonta. Ta ƙarfe ba ta faɗin gaskiyarta da ƙwanƙwasa. Tsohuwar tukunya da ta gama wa'adinta a wata ƙasa, ko tukunyar iskar asibiti, ko ta mai walda, in aka fesa mata fenti sai ta fi sabuwa ƙyalli. Hanyar gane ta ɗaya ce: mai mota ya durƙusa ya karanta abin da aka buga a jikinta da idonsa, ya gwada da abin da ke cikin takardar shaida, ya tabbatar lamba ɗaya ce. In an kankare lambar, ko an cike ta da fenti, ko an ce takardar tana Legas za ta iso, ciniki ya ƙare a nan. Abin mamaki ne a ga jami'in da zai mayar da fayil saboda rashin sa hannu ɗaya, ya karɓi bar 200 a bayan iyalinsa a kan kalmar «wallahi orijinal ce».

Abin da ake gudu ya riga ya faru. A watan Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse tana cikin shan gas a wani gidan mai da ke Aduwawa a birnin Benin, mutane suka jikkata. Bayanin da hukumomi suka fitar shi ne tukunyar da ke cikinta haɗin mai walda ce, ba a yi ta don CNG ba. Hoton bidiyon ya zaga wayoyi, ya kuma tsorata mutane da yawa daga gas gaba ɗaya, wanda hakan kuskuren fahimta ne. CNG ya fi iska rashin nauyi, in ya zuba sama yake yi, saɓanin fetur da gas ɗin girki da ke kwanciya a ƙasa. Haɗarin yana cikin mazubin, da yadda aka ɗaure shi. Tukunya mai lita 65 ta ƙarfe tana da nauyin babban mutum. In ƙarafan da suka riƙe ta ba a kafe su a ƙashin motar da kusoshi masu ƙarfi ba, birki ɗaya na gaggawa a gangaren Giri ya isa ya turo ta cikin kujera. Nauyin kuma yana nan kullum a kan sifirin da shokazoba na baya, ga but da ya ragu, wani lokaci har da wurin safaya.

Bayan tukunya sai abin da ke kai gas cikin inji, kuma a nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Iri biyu ne a kasuwa. Tsohon yayi wani zobe ne da ake sakawa a hanyar iska, gas ya riƙa gauraya da iskar tun daga waje. Ya dace da motocin kafireto irin su tsohuwar Peugeot 504, kuma yana da araha. Sabon yayi yana da nozul ɗaya ga kowace silindar inji, da 'yar ƙwaƙwalwarsa da ke sauraron ta motar tana auna gas daidai da buƙata. Duk motar da ke da nozul da sensa, wato kusan duk abin da ma'aikaci ke hawa a yau, na biyun take buƙata. In aka ɗora mata na farko, bututun shigar iska yakan cika da gas, tartsatsi ɗaya ya koma baya ya fasa shi, kuma a yawancin motocin yanzu na roba ne. Bambancin kuɗin da aka yi murnar ragewa shi za a kai wa mai kayan gyara a Apo, da ƙari.

Akwai kuma injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, waɗanda ake rubuta wa GDI ko TSI ko EcoBoost. Nozul ɗinsu fetur ne ke sanyaya shi, in aka yanke fetur gaba ɗaya sai ya ƙone. Suna da nasu kayan na musamman, masu tsada, waɗanda ke ci gaba da ɗan shan fetur ko ana kan gas. Hadiman manya da ke hawa sababbin motoci su ne suka fi faɗawa wannan rukuni, kuma mai juyin da bai tambayi irin injin ba kafin ya faɗi farashi, ya riga ya nuna iyakar saninsa.

Sunayen da suka yi fice a wannan sana'a sanannu ne: Landi Renzo da Lovato da Tomasetto da BRC daga Italiya, STAG daga Poland. Sai dai suna a kwali ba hujja ba ne, domin duk abin da ya yi suna yana da jabu. Abin da ya fi suna amfani shi ne a tambaya ko akwai matatar gas da robobin na'urar rage matsi da nozul na wannan samfurin a Abuja, da kuma ko mai juyin yana da manhajar saita shi a kwamfutarsa. Aikin ba ya ƙarewa da ɗaure kusoshi. Sai an haɗa kwamfuta, an hau titi da motar, an daidaita gas da yadda injin ke shan fetur a kowane gudu. In aka tsuke gas ɗin don a burge mai mota da ƙarancin sha, injin zai riƙa aiki da zafi fiye da kima, bawul ya soma ƙonewa a ɓoye. Wata shida ko shekara ake ɗauka kafin abin ya bayyana, lokacin kuwa ba mai tuna wanda ya yi saitin.

Gas ba ya warkar da inji mara lafiya, tona masa asiri yake yi. Ya fi fetur wuyar kamawa, saboda haka fulogi da kwayil da suka gaji, waɗanda fetur ke rufa wa asiri, ranar farko za su fara shaƙewa. Busasshe ne, ba ya jiƙa mazaunin bawul yadda fetur ke yi, don haka injin da ake saita bawul ɗinsa da hannu, irin na Honda da yawa, yana buƙatar a riƙa duba shi a kan kari. Ƙarfin mota yakan ragu da kimanin kashi goma cikin ɗari, abin da direba zai ji in ya zo wuce tirela da na'urar sanyaya mota a kunne. Tamostat ɗin nan da aka zare ma yana dawowa da bashinsa: na'urar rage matsi da ruwan zafin inji take ɗumama, domin gas yana yin sanyi ƙwarai in ya sauko daga bar 200, kuma motar ba ta komawa kan gas sai ruwan ya yi ɗumi. A sanyin hunturu, motar da ba ta da tamostat za ta ci tafiya mai nisa a kan fetur kafin ta juya. Wanda injinsa ke shan baƙin mai ko yana zafi, kuɗin juyin gara ya fara kai su wajen gyara.

Sannan gas ɗin sai an same shi. Tukunya mai lita 65 tana ɗaukar ma'auni 13 zuwa 15, wato zuwa da dawowa ɗaya tsakanin Sheda da birni da ɗan saura. Ma'anarsa shan gas kusan kullum. A Yulin 2024 an buɗe tashoshin CNG goma sha biyu na NNPC, shida a Abuja shida a Legas, an kuma ƙara wasu daga baya, amma duk mai bin hanyar filin jirgin sama ya ga layin da ake yi. Gas ɗin a bayan manyan motoci yake isowa daga kudu, in mota ɗaya ta makara tasha ta tsaya. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, shi ake sa ran zai sauya wannan hali, tun da ta yankin Abuja ya ratsa. Kafin gas ya wadata, awa biyu a layi kuɗi ne ga wanda ake jira ya sa hannu a rajistar ofis da ƙarfe takwas, kuma duk ranar da ya haƙura ya sha fetur, wata takwas ɗin nan na lissafi yana ƙara tsawo. Wanda zai ci bashi don juyin, ko daga ƙungiyar adashin ma'aikata ko ta shirin lamuni na CREDICORP, ya yi lissafinsa a kan cewa kwana ɗaya cikin uku a kan fetur zai yi tafiya.

Nauyin da ya rage na gwamnati ne, kuma shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa. Shirin shugaban ƙasa na CNG, wanda aka kafa a 2023, ya fi ba da ƙarfi ga yawan motocin da aka juya da yawan cibiyoyin juyi, har da juyi kyauta ga motocin haya ta hannun ƙungiyoyin direbobi. Hukumar NADDC tana tantance cibiyoyi, SON tana da ƙa'idojin kaya. Amma tukunya ba a saye ɗaya ake gamawa da ita ba. Tana tsatsa, tana gogar ƙarfen da ya riƙe ta, tana shan duka in an yi karo. A Indiya doka ta wajabta a sauke ta duk shekara uku a gwada ta da matsin ruwa, a kuma rubuta juyin a takardun mota. Malesiya, wadda ta shekara kusan talatin tana amfani da gas a tasi, ta sanar a Nuwamban 2024 cewa za ta dakatar da motocin daga Yulin 2025, kuma dalilin da ministan sufurinta Anthony Loke ya bayar shi ne tukwane sun tsufa, sauya su da tsada, wasu masu motoci har sun koma ɗora tukunyar girki. Tukwanen da aka ɗora a Abuja a 2024 za su buƙaci dubawa a shekara ɗaya, kuma mota a nan tana sauya hannu sau uku ko huɗu kafin ta mutu, takardunta na zubewa a hanya.

Babban Birnin Tarayya yana buƙatar wurin gwajin tukwane wanda ba na masu sayar da su ba, da rajistar da za ta haɗa lambar tukunya da lambar mota, yadda ma'aikacin tasha zai ƙi ɗura wa wadda ba ta ciki, jami'in VIO kuma ya nemi shaidar gwaji ranar sabunta takardu. Sheda wuri ne da ya dace a duba. Tana bakin babbar hanya, tana da fili, tana da cibiyar da aka kafa domin bincike mai zurfi, mai ɗakunan gwaji na kimiyyar lissafin halitta da na sinadarai. Ko da ba a ɗora mata aikin gwajin yau da kullum ba, horar da masu dubawa da binciken duk tukunyar da ta fashe aiki ne da ya yi daidai da dalilin kafa ta.

Kafin a kai can, ƙungiyoyin adashi na ma'aikatan hukumomin Sheda suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. Ƙungiyar da ta kawo motoci talatin tana iya zaɓar cibiyar da aka tantance, ta sa a rubuta a yarjejeniya cewa kowace tukunya za ta zo da takardar masana'anta, a rubuta lambarta a rasit, a ba da garantin shekara, a sake saiti kyauta bayan kilomita dubu na farko, a kuma riƙe wani kaso na kuɗin har sai an yi hakan. Tana iya ajiye kwafin takardun a ofishinta, ta tuna wa kowane mamba ranar dubawa, ta kuma rubuta wa kamfanin inshora cewa an yi wa motocin canji, domin kada ranar biyan diyya a ce ba a san da tukunyar ba.